Akwatin Hotunan Taubashina

Daga Allah muke, kuma wurinSa za a mai da mu, da mai tsokana da wanda ake tsokana. Taubashina ya riga ni. Ya cika wata Laraba da hantsi, bayan gajeriyar jinyar ciwon haƙarƙari, a ɗakinsa da ke wannan sabon matsuguni da gwamnati ta yanka mana bayan ruwan Tiga ya cinye garinmu. Ɗan kawuna ne, ya girme ni nesa ba kusa ba. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, saboda haka tun ina rarrafe yake kirana bawansa, ni kuwa tun da bakina ya buɗe nake ramawa.

An taru, ba laifi. An zo daga Bebeji da Kafin Maiyaƙi, har wasu tsofaffin sojoji biyu da suka yi aiki tare da shi sun biyo akori-kura daga Tudun Wada. Na zauna a bakin tabarma ina jan carbi, kunnena kuwa yana wajen masu gaisuwa.

Mai unguwa ya ce, "Mutum mai haƙuri. Bai taɓa kawo ƙarar kowa ba."

Wani ya ce, "Allah Ya yafe masa shiriritarsa."

Wani baƙo da bai san shi sosai ba ya sunkuyo ya tambayi na kusa da shi, "Wai ashe da hankalinsa? Ni duk lokacin da na wuce sai in gan shi tsugune a ciyawa."

Sai wani masunci, wanda kafin ruwa ya zo ko ƙugiya bai iya ɗaurawa ba, ya ce, "To, yau tsuntsaye sun yi maraici." Aka rufe baki da hannun riga ana ƙyalƙyatawa a hankali.

Abin ya ƙona mini rai. Babu wanda ya kai ni yi masa ba'a a duniyar nan, amma ni haƙƙina ne, da shi aka haife ni. Su fa, wa ya ba su?

Ranar sadakar uku babban ɗansa ya kira ni ɗakin marigayin. Yaron nan ya yi karatu a hannun malamai a Zariya, ya dawo yana koyar da yaranmu Alƙur'ani, kuma ba ni da abin zarginsa ko ɗaya. Shi ya yi jinyar ubansa, shi ya yi masa wanka. Ya jawo wani akwatin ƙarfe na soja daga ƙarƙashin gado, ya ɗora hannu a kai, bai buɗe ba.

Ya ce, "Baffa, hotunan nan ne. Bayan sadakar bakwai zan ƙona su."

Na ce, "Ka ƙona me? Kai, ka san wahalar da aka sha a kansu?"

Ya ce, "Na sani, Baffa. Amma abin da na karanta, duk wanda ya yi surar abu mai rai za a tsai da shi a ce ya sa masa rai. Ba zan kwanta a kan katifa ba alhali ina tsoron ana tambayar Baba a kan abin da nake da ikon kawarwa."

Idonsa ya yi ja. Da ya faɗa da gadara, da na san yadda zan yi da shi. Sai na fito ba tare da na ce komai ba, wanda duk wanda ya san ni ya san ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya sami akwatin nan shi ya zaunar da ni rubutu, ni da yaƙi da jahilci kaɗai na yi, kuma kowa a garin nan ya san wanda ya ci yaƙin. Sai dai kafin in kai can, bari in faɗi ko wane ne mai akwatin.

Tun yana saurayi aka ɗauke shi soja. Abokansa sun dawo da agogo da bargo, shi ya dawo da tabaran hangen nesa, irin mai ido biyu, ɗaya idon ma a tsage. Sai ya rufe idonsa na hagu yake kallo da shi, har fuskarsa ta saba, ko gaisawa kuke yi sai ka ga kamar yana auna ka. Yana noma kamar kowa, yana sallarsa a jam'i, bai taɓa barin gidansa da yunwa ba. Amma da an sallame asuba sai ya saɓa tabarau ya gangara fadama, ya sami gindin kanya ya zauna kamar an dasa shi.

Na sha binsa don in dame shi. In ya nuna mini wani tsuntsu, tambayata ɗaya ce: "Ana cinsa?"

Sai ya ce, "Kai dai da ciki kake kallo, bawa."

In na fara surutu kuma sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Yi shiru, ana magana." Ka waiga ba ka ga kowa ba, ashe tsuntsun nan ragon maza ne yake gurnani a cikin duhuwa, ko zakaran ƙeƙuwa yake zagin wani makiyayi da ya taka kusa da ƙwansa. Ya san wace bishiya cilakowa take toshe kanta a ciki in za ta yi ƙwai. Ya san hasbiyar da ke kwana a soron mai unguwa da wadda ke kwana a masallaci, wai ba halinsu ɗaya ba. In shamuwa ta sauka a kan kukar masallaci shi ke fara gani, kuma wannan kaɗai mutane suke tambayarsa, don su san lokacin gyaran gona. Sauran duk shiririta ce a wurinsu.

Kada a ɗauka wani waliyyi nake siffantawa. Wata shekara na kama dinya, agwagwar dajin nan, da tarko, aka yi mini farfesu, na aika masa da cinya don in ƙular da shi. Ya cinye tas, ya maido da kwano, ya ce a faɗa wa bawansa gishiri ya yi kaɗan.

Shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, ko wadda ta gabace ta, masu awo suka iso garinmu. Suka bi gida-gida suna shafa wa bishiyoyi jan fenti, suka ce duk nan ruwa zai kwanta, za a biya diyya a mai da mu tudu. Kowa ya shiga lissafin ɗorawarsa da mangwaronsa. Taubashina ya tari wani ma'aikaci a gindin kuka ya ce, "Samari, sheƙunan shamuwar da ke saman nan fa, su ina za a kai su?" Ma'aikacin ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Mu ma muka taya shi.

Ranar kasuwar Tudun Wada da ta biyo baya, sai ya ja sansa na huɗa ya sayar. Ya hau motar Kano, ya kwana biyu, ya dawo da kyamara ta hannu, tsohuwa, a cikin jakar fata mai warin wani.

Mai ɗakinsa ta dubi abin ta ce, "Malam, ina san?"

Ya ce, "Ga shi nan."

Ta ce, "Wannan ne zai ja garma? To Allah Ya ba ku damina mai albarka, kai da shi."

Ta ɗaure kayanta ta tafi gidansu a Kiru. Wa aka tura biko? Ni. Duk dattawan da ke garin ba a ga wanda ya dace ba sai ni, wai bakina ya fi zaƙi. Na je na tsuguna gaban yayanta na ce, "A yi haƙuri, tun yana yaro jaki ya harbe shi a ka, mun ɓoye muku ne lokacin aure." Ta jiyo daga ɗaki, ta leƙo ta ce, "Kai ne jaki ya harba. Mijina da hankalinsa." Na ce to tunda mai hankali ne a tashi mu tafi. Haka ta biyo ni tana zagina har gida. Amma maganar san nan ba ta taɓa mutuwa ba. Shekarar nan da hannu suka yi huɗa, ita da shi da yara, kuma duk ranar da tuwo ya yi ƙaranci sai ta ce a je a tambayi kyamara.

Ita kuwa kyamarar tana da nata ciwon. Ba ta jawo abu kusa kamar tabarau. Abin da idonka ya gani daga inda kake tsaye, shi za ta ba ka, har ma ta rage. Da ya kai fim ɗin farko Kano aka wanko, ya kira ni da murna ya miƙo mini ɗaya. Na ga katanga, na ga rumbu, na ga turmi a kife.

Na ce, "Ina tsuntsun?"

Ya sa tsinke ya nuna wani ɗigo a kan rumbun. "Ga ta. Kurciya ce."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan kashin ƙuda ne. Sa guda ka bayar aka ba ka kashin ƙuda."

Haka yawancin hotunan suka fito, gari ya cika takarda, tsuntsu ɗan mitsitsi a gefe. Bakin rijiya da balbela. Kukar masallaci da shamuwa. Dangar wani da tsattsewa a jere. Shi ko a jikinsa, tsuntsun yake gani, sauran duk abin da ya tare masa hanya ne.

Mutum kuwa bai taɓa ɗauka ba. Masu biki sun roƙa, masu suna sun roƙa, ya ce fim ɗinsa ba shi da yawa, kuma mutum da ya ga kyamara sai ya canja fuska. Mai unguwa da kansa ya sha babbar riga da rawani ya zauna a ƙofar zaurensa ya aika a kira shi. Ya je, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ɗaga kyamara, sai ga cilakowa ta sauka a kan zankon soro. Da aka wanko, ga cilakowa, ga soro, ga ƙofar zaure, mai unguwa kuwa ƙololuwar rawaninsa kawai ta samu shiga. Wata guda mai unguwa ba ya amsa gaisuwarsa. Irin wannan ne ya sa mutane suka riƙe shi a zuci. Suna ganin ya fifita tsuntsu a kansu, kuma in za a faɗi gaskiya, akwai ranakun da haka ne.

Abin da ya fi so ya samu shi ne gauraka. Akwai wasu guda biyu, mace da namiji, da suke sauka a fadamarmu tun muna yara, ko su ko iyayensu. Ba sa bari a matso. Ya yi ta fama, kullum sai su fito kamar tsinke biyu a can ƙarshen takarda. Sai ya tafi wajen Doguwa gurin wani maharbi ya aro kan burtu, irin wanda maharba ke ɗaurawa a goshi, su lulluɓa da baƙin zane, su yi ta rarrafe suna sunkuyar da kai kamar burtu yana kiwo, har su isa kusa da nama.

Ranar da ya fara gwadawa ina kan tudu, ni da matan da suka dawo ɗibar ruwa. Dattijo mai furfura, tsohon soja, yana rarrafe a cikin laka yana caccakar ƙasa da bakin burtu. Bai yi nisa ba karnukan Fulanin da suka kafa ruga a kusa suka hango shi. Ban taɓa sanin burtu yana gudu da ƙafa biyu yana salati ba sai ran nan. Wata mata har tulunta ya faɗi. Ni kuwa don dariya sai da aka riƙe ni.

Da ya iso yana haki na ce, "Sannu da kiwo. An samu fara?"

Ya ce, "Za ka gani, bawa."

Ya koma washegari, ya sake komawa, har karnukan suka gaji da shi, gwiwoyinsa suka sale. Ni ma na gaji da dariyar na daina zuwa. Rannan ya dawo daga Kano ya wuce gidansa ya zo nawa kai tsaye, ya zaro hoto daga cikin wani farin ƙyalle. Gauraka biyu sun cika takardar, ɗaya ya buɗe fukafukai ya yi tsalle, ɗaya ta sunkuya, tukkun kansu a baje, kana iya ƙirga silin gashin. Babu katanga, babu rumbu, daga ciyawa sai sama. Na buɗe baki in yi tsiya, na rasa ta inda zan kama.

Ya ce, "Ana cinsa?"

Na ce, "Ba ni ruwa in sha."

Shi ke nan nasarar da ya taɓa samu a kaina, kuma ya yi ta ba da labarinta har ya bar duniya.

Sannan ruwa ya zo. Bai zo da hayaniya ba, kullum dai in an tashi sai a ga ya ci wani abu. Aka kwashe mu a manyan motoci, da awaki da tukwane da tsofaffi, aka sauke mu a filin da katafila ta share, ko inuwar da kaza za ta fake babu. Kaburburan iyayenmu muka bar su a can. Manoma suka koma koyon su da noman rani. Shi kuma ya riƙa biyan masu kwale-kwale su kai shi inda garin yake, lokacin kan kukar masallaci bai gama nutsewa ba. Ya ce ya ga shamuwa ta zo a kan lokacinta tana ta kewaya ruwan, ta rasa inda za ta sauka. Gaurakan nan kuwa ba a sake ganinsu ba. Wasu tsuntsayen ruwa suka cika bakin dam, kirinjijiya da dinya da manya-manyan da ba mu san sunansu ba. Yana kallonsu, yana ɗaukarsu, amma ya ce mini, "Waɗannan baƙi ne, ba su san ni ba."

Innata, wadda take gwaggonsa, ta riga ta makance kafin a tashe mu. A tsohon gari da kunne take gane shekara. Da muka dawo nan sai ta rikice, kullum tana tambaya, "Shamuwa ta zo?" Mu sai mu ce ta zo, don a huta. Shi ya ƙi. Ya ce, "Gwaggo, ba ta zo ba, nan babu bishiyar da za ta sauka." Na yi masa faɗa, na ce me zai rage shi in ya faranta wa tsohuwa. Bayan kwana kaɗan ya zo da jaki, ya shimfiɗa bargo, ya ɗora ta, ya ja ta da ƙafa har wani ƙauye kusa da Kafin Maiyaƙi inda ya gano wata tsamiya cike da sheƙa. Ya zaunar da ita a gindin. Ta ji kaɗa bakinsu, kashinsu ya zubo mata a zane, ta shafa ta sansana ta ce, "Yanzu na yarda. A je a yi shuka." Ita ce daminarta ta ƙarshe. Ni ɗanta ban yi mata wannan ba, ɗan ɗan'uwanta ne ya yi.

To wannan mutumin ne ake cewa Allah Ya yafe masa shiririta, kuma akwatinsa ne za a cinna wa wuta.

Na san ba zan iya ja da ɗansa a fagen karatu ba. Ni abin da na iya shi ne haɗa mutane da magana. Tsakanin uku da bakwai na bi gari. Na sami masuncin nan na ce, "Ka san rumbun ubanka yana cikin akwatin da za a ƙona?" Na sami mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, zauren kakanka, da soronsa da zankonsa, yana nan a takarda, ran Talata zai zama toka." Na aika wa mata cewa rijiyar gari tana ciki. Wanda duk na faɗa wa sai ya ce, "Da gaske?" Babu wanda ya taɓa tunanin haka, don babu wanda ya taɓa yarda ya kalli hotunan da kyau. Na koma gida ina yaba wa kaina wayo.

Ranar bakwai, bayan an shafa fatiha, mutane suka ƙi tashi. Mai unguwa ya ce a fito da akwati. Yaron ya dubi Liman, Liman ya gyaɗa kai. Aka buɗe, aka baje hotuna a tabarma.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Dattawa suna rarrafe a kan tabarma kamar yara. "Wannan dangarmu ce!" "Ga ɗorawar da aka yanka ragon sunana a gindinta." Masuncin nan ya ɗauki hoton rumbu ya kifa a fuska yana kuka. Wani tsoho ya nuna wata tsamiya ya ce daga ita in ka yi gabas kaɗan nan kabarin uwarsa yake. Aka miƙa wasu cikin gida, muka jiyo kukan mata ya tashi sabo, wanda ya fi na ranar rasuwar ƙarfi. A cikin duk wannan babu bakin da ya ce ga kurciya, ko ga balbela.

Mai unguwa ya ce, "Ba za a ƙona garinmu ba. Ruwa ya ci, wuta kuma ta ci?"

Yaron ya ce, "Ranka ya daɗe, ku gari kuke gani. Ni ubana nake ji."

Aka juya ga Liman. Tsoho ne mai sanyin hali, tare muka taso daga tsohon gari, shi ma na ga ya ɓoye hoton masallaci a ƙarƙashin gwiwarsa. Ya ce malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara, shi ba zai ce wa yaro tsoronsa banza ne ba, ba kuma zai ce a ƙona ba. Ya ce akwai mafita: katanga da bishiya ba su da laifi, abu mai rai kuwa in aka raba shi da kansa ya tashi daga sura. A cire kawunan, kowa ya ɗauki gidansa.

Aka yi ta "Madalla, Allah Ya ƙara wa Malam basira." Aka aika kanti aka sayo reza.

Na ce, "Jama'a, ku tsaya. Mutumin nan fa ba katanga ya je ɗauka ba."

Wani ya ce, "Kai da ka fi kowa yi masa dariya?" Aka yi dariya, aka ci gaba.

Yaron ya ɗora kowane hoto a kan allo yana bi da reza. Tsuntsayen ƙanana ne, kan wani bai kai ƙwayar gero ba, in aka ce a cire kai sai tsuntsun duka ya fita. Kowa ya miƙo nasa, a huda, ya karɓa ya sa a aljihu yana godiya. Kurciyar kan rumbu ta tafi. Cilakowar mai unguwa ta tafi, rawaninsa ya tsira tunda ba kai a ciki. Kukar masallaci ta koma kamar rariya. Ɓarɓashin ya taru a gefen allo, iska tana ɗiba.

Can ƙasan akwati sai ga farin ƙyalle. Yaron ya warware. Babu wanda ya miƙo hannu, don babu gidan kowa a ciki. Na yi wuf na fizge, na cusa a hula, na mai da hula kai.

Na ce, "Wannan nawa ne. Taubashi yana ƙwace abin taubashinsa, ba a kai shi ƙara. Hularsa nawa na ƙwace? Takalmansa fa? Ku tambayi kowa."

Daga bayan zana muryar mai ɗakinsa ta fito, tana cikin takaba, ba ta ko iya ɗaga murya sosai. Ta ce, "A bar masa ɗaya mana. Gwiwarsa har ya mutu ba ta daina ciwo ba saboda hoton nan."

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, in na bar ɗaya, a kan ɗayan za a tambaye shi." Sannan ya juyo gare ni, ya durƙusa har ƙasa, ya miƙo hannu biyu. Ya ce, "Baffa, wasan da shi kuke yi. Ya tafi. Ni ba abokin wasanka ba ne, ɗanka ne, kuma roƙonka nake yi."

Na duba ko akwai wanda zai ce wani abu. Kowa yana kallon abin da ke hannunsa. Liman ya kau da kai. Ni ba malami ba ne. In yaron nan ne da gaskiya fa? In na riƙe takarda, shi kuma yana can ana tsare da shi saboda ni? Na cire hula na miƙa masa.

Wannan karon rezar ta sami abin yanka sosai. Ya cire kawunan biyu da tukkunsu, a hankali, ya maido mini da sauran. Yana nan a ɗakina. Fukafukai a buɗe, ƙafafu a sama, dogayen wuya biyu da suka ƙare a huji. Wanda duk ya gani sai ya ce zalɓe ne.

Kyamarar an ba wani ɗan ƙanwarsa, yanzu yana ɗaukar amare da ita a Bebeji, an ce tana fito da mutane da kyau.

Hotunan suna nan a gidaje, wasu har an sa musu gilashi. In baƙo ya zo akan ɗauko a nuna masa yadda garinmu yake kafin ruwa. Kwanan baya ina zaune a zauren mai unguwa ya ɗauko nasa yana nuna wa wani baƙo daga Kano, ga soron kakana, ga ƙofa, ga rawanina. Baƙon ya sa yatsa a hujin da ke kan zanko ya ce, "Nan fa, me ya same shi?"

Mai unguwa ya ce, "Gara ce."

Ba gara ba ce. Cilakowa ce, kuma akwai mutumin da ya tsaya ya gan ta, lokacin da dukanmu muke kallon rawani.

Ya Allah, Kai Ka halicce su, Kai Ka sa musu rai, shi kallo kawai ya yi, kuma bai taɓa gajiya da kallon aikinKa ba. Ka yafe masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya zuciyar ɗansa da ta mai ɗakinsa. Mu kuma da muka karɓi gidajenmu daga hannunsa ba mu ce an gode ba, in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.